Hannu a Bayan Labule

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce, ɗan ƙanwata da yake karatu a jami'a ya zo gaishe ni bayan sallar la'asar, muka zauna a zaure muna taɓa hira, har ya ciro wayarsa ya ce, "Kawu, akwai wata rawa da nake so ka kalla, domin na san ba za ka rasa abin cewa a kanta ba." Da na ji kalmar rawa sai na ɗaure fuska, saboda a garin nan namu na Kano idan matashi ya ce zai nuna maka rawa a waya, abin da zuciya take fara kawowa shi ne rawar gala, ko ta finafinai, ko irin wadda ake ɗorawa a TikTok har hukuma ta shiga maganar. Ya lura da yadda fuskata ta sauya, ya ce, "Wallahi Kawu ba irin wadda kake zato ba ce." Na karɓi wayar don kada in gwale shi, kuma abin da na gani a cikin 'yan mintocin nan ya tsaya mini a rai har yau.

Dandamali ne mai duhu, an rataye wani ƙaton labule shara-shara a ƙarshensa, kuma a bayan labulen akwai mutum guda wanda ba a ganin fuskarsa sosai, sai inuwarsa da tafin hannunsa. Yana taɓa labulen, labulen yana motsi kamar ruwan tafki da aka jefa wa tsakuwa. A gaban labulen kuma ga wasu mutane sun daskare kamar gumaka, tufafinsu dogaye, jikinsu buɗu-buɗu da ƙura. Da kiɗa ya tashi suka fara motsi da ƙarfi a tare, sai ƙurar nan ta riƙa tashi daga kafaɗunsu da gashinsu tana bin haske. Babu mai murmushi a cikinsu, babu mai karairaya don ya burge mai kallo. Suna faɗuwa ƙasa, suna tashi, suna juyawa, suna miƙa hannu sama kamar masu neman abin da ya fi ƙarfin tsawonsu. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne ayar da muke ji a bakin kabari, cewa daga ƙasa aka halicce mu, cikinta za a mayar da mu, daga cikinta kuma za a sake fitar da mu.

Sunan aikin Vertical Road, ma'anarsa hanyar da ta miƙe sama, kuma wanda ya tsara shi Akram Khan ne, haifaffen Landan a 1974, ɗan asalin Bangaladash, wanda ya taso yana koyon rawar kathak ta arewacin Indiya kafin ya shiga rawar zamani. Ya fito da wannan aiki a 2010 da masu rawa takwas daga ƙasashe daban-daban, kuma bai ɓoye ba cewa daga sufanci da waƙoƙin Maulana Jalaluddin Rumi ya ɗebo tunanin. Tun daga sunan mutum zai gane inda aka dosa: rayuwarmu ta yau da kullum a kwance take tafiya, daga gida zuwa kasuwa, daga Kurmi zuwa Kwari, daga wannan buƙata zuwa waccan, amma akwai wata hanya da take tsaye tsakanin bawa da Mahaliccinsa, wadda hayaniyar duniya take mantar da mu.

Ya kamata in fayyace irin rawar da nake magana a kanta, domin kalmar tana ruɗarwa. Wannan fanni, wato rawar zamani, ya tsiro ne a farkon ƙarni na 20 a Amurka da Jamus, lokacin da wasu masu rawa suka gaji da ƙa'idojin rawar bale ta fadojin Turai, wadda burinta shi ne a nuna jiki kamar ba shi da nauyi. Suka cire takalma, suka taka ƙasa da tafin ƙafa, suka yarda cewa jikin ɗan Adam yana da nauyi, yana gajiya, yana faɗuwa. Martha Graham, ɗaya daga cikin jagororin fannin a Amurka, ta gina dukkan salonta a kan numfashi, yadda ciki yake tsukewa idan an fitar da shi, ya saki idan an shaƙa. Takwararta Doris Humphrey kuma ta gina nata a kan faɗuwa da sake miƙewa. Wanda ya ɗauki numfashi da faɗuwa ya mai da su harsashin sana'arsa, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da tambayar wanda ya ba shi numfashin da kuma inda faɗuwar ƙarshe za ta kai shi. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga yawan ayyukan da masu wannan fanni suka yi a kan ibada da mutuwa da neman gafara.

Harshenmu ma yana da wata hikima a nan wadda ban taɓa lura da ita ba sai bayan wannan kallo. Kalmar rawa a Hausa ba ta tsaya ga abin da ake yi a gaban makaɗi ba. Muna cewa jikinsa yana rawa idan tsoro ya kama mutum, muna cewa muryarta tana rawa idan kuka ya zo mata, muna cewa rawar sanyi, muna kuma cewa rawar jiki idan mutum yana ɗokin yi wa wanda yake girmamawa hidima. Duk waɗannan motsi ne da jiki yake yi idan abin da ke cikin zuciya ya fi ƙarfin a riƙe shi. Rawar da na gani a wayar yaron nan ta fi kusa da wannan ma'ana ta biyu nesa ba kusa ba, kuma da a ce muna da kalmomi biyu mabambanta, da rabin gardamar da za a yi da ni a kan wannan rubutu ba ta taso ba.

Bayan tafiyarsa na nemi wasu ayyukan da kaina, kuma wanda ya fi daɗe mini a zuciya shi ne Revelations na Alvin Ailey, baƙar fatar Amurka da aka haifa a jihar Tekzas a 1931, ya rasu a 1989. Ya fito da aikin a birnin Niyok a 1960, kuma har yau ƙungiyar da ya kafa tana nuna shi a ƙasashen duniya. Ya gina shi ne a kan waƙoƙin ibada na jikokin bayi, irin waɗanda ya ji a cocin ƙauyensu yana yaro. A farkonsa mutane ne a cure wuri guda cikin tufafi masu launin ƙasa, kawunansu a sunkuye, sai su buɗe hannuwa a hankali suna duban sama. A tsakiya akwai tafiya zuwa kogi cikin fararen kaya, an shimfiɗa dogayen yadudduka ana kaɗa su a matsayin ruwa. Akwai kuma wani wuri da namiji guda yake kwance a ƙasa shi kaɗai, yana yunƙurin tashi yana komawa, yana yunƙuri yana komawa, kamar mai jinyar da ya ji ajali ya matso kuma yake son ya shirya. Aƙidar da ke bayan aikin ta Kirista ce, ba tawa ba ce, kuma ban kalle shi don in karɓe ta ba. Amma wannan yunƙuri na mutumin da ke ƙasa na san shi, domin na gan shi a jikin mahaifina a watanninsa na ƙarshe, lokacin da yake ƙin yarda ya yi salla a kwance matuƙar zai iya jingina da bango ya zauna.

A nan ne na ga ya dace in kai maganar gaban wanda ya fi ni sanin motsin jiki a wurin ambaton Allah, wato Baffana, ƙanin mahaifina, wanda ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana halartar zikiri a Gidan Ƙadiriyya da ke Kabara tun zamanin Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san amon bandiri da dare, ya kuma san ranar Maukibi, lokacin da muridai suke fitowa sahu-sahu da tutoci don tunawa da Shaihu Abdulƙadir Jilani, su cika titi har zuwa maƙabartar Mai Giginya. Ina yaro Baffa yakan riƙe hannuna mu je, kuma abin da ya fi kama hankalina a lokacin shi ne zikirin anfasu, inda sunan Allah yake komawa numfashi zalla, ƙirji yana hawa yana sauka, sahu gaba ɗaya yana rausayawa kamar gonar gero a cikin iska.

Na ce masa, "Baffa, ashe akwai masu rawa a ƙasashen waje da suke ƙoƙarin nuna irin abin da kuke yi." Bai bari na rufe baki ba ya ce, "Kul, ɗan nan, mu ba rawa muke yi ba. Mai rawa yana motsa jikinsa ne don a gani. Mu zikiri muke yi, jiki ne yake bin numfashi, numfashi yana bin suna. In ka ga mutum yana gyara rausayarsa don na gefe ya yaba, to ya fita daga halƙa ko da yana tsakiyarta." Wannan amsa ta fi duk abin da na karanta a kan batun amfani, domin ta ɗora yatsa a kan ainihin bambancin. A zikiri Wanda ake yi dominSa shi ne Mai gani, kuma ba Ya buƙatar fitila ko tikiti. A dandamali kuwa mutane ne suke zaune a kujeru, sun biya kuɗi, za su tafa idan an gama. Duk kyan aikin Akram Khan, ba ibada ba ne, kuma zalunci ne gare shi da kuma ga ibada a ce ɗaya ne.

Tarihin mabiya Maulana Rumi kansu ya nuna abin da yake faruwa idan aka gauraya biyun. Rumi ya rasu a Konya a 1273, kuma ɗariƙar Maulawiyya da ta taso bayansa ita ce aka sani da juyi: darwishi, wato muridin ɗariƙar, yana sanye da doguwar hula mai nuni da dutsen kabari, da farar riga mai nuni da likkafani, ya cire baƙar alkyabba mai nuni da kabarin kansa, sa'an nan ya buɗe hannuwa, tafin dama yana kallon sama, na hagu yana kallon ƙasa, yana juyawa. A 1925 gwamnatin Turkiyya ta rufe zawiyoyin ɗariƙu, kuma da aka sake barin juyin ya fito fili a shekarun 1950, a matsayin nunin al'ada aka bar shi. Hukumar UNESCO ta ayyana shi cikin gadon al'adun duniya a 2005. A yau mai yawon buɗe ido yana iya kallonsa a ɗakin taro ko ma a gidan cin abinci, an taƙaita shi daidai haƙurin baƙo. Juyin bai sauya ba, hula ba ta sauya ba, amma alƙiblar abin ta karkata daga sama zuwa kujerun 'yan kallo. Ina tsoron ranar da za a ɗauko bandirin Kabara a yi masa haka.

Malamanmu sun daɗe da sanin cewa wannan wuri ne mai santsi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan sauraro da halin da yake saukar wa mai sauraro, inda ya nuna cewa sauti yana fito da abin da yake kwance a zuciya ne, alheri ko sharri, ya kuma kawo sharuɗɗan lokaci da wuri da abokan zama. Wasu malaman, irin su Ibnu Taimiyya, sun yi tsananin inkarin mai da kiɗa da motsi hanyar neman kusanci ga Allah, kuma a Kano ta yau akwai masu wannan fahimta da yawa, cikinsu har da abokaina da muke salla sahu ɗaya. Ba ni da matsayin da zan raba wannan gardama. Abin da na lura da shi kawai shi ne, ɓangarorin biyu sun yarda cewa jiki ba ɗan rakiya ba ne a wurin bauta. Alƙur'ani ya yabi masu ambaton Allah a tsaye da zaune da kuma a kwance a kan sasanninsu, kuma ya tabbata a hadisi cewa bawa ya fi kusa da Ubangijinsa a lokacin da yake sujada, wato lokacin da mafi darajar gaɓoɓinsa take manne da ƙasa.

Akwai kuma wata tsohuwar hanya a ƙasar Hausa wadda ba zan tsallake ta ba, ita ce bori. Tun kafin Musulunci ya kafu, lokacin da ake bautar Tsumburbura a gindin Dala, mutanen wannan ƙasa sun san rawar da ake cewa wani abu daga gaibu yana shiga jikin mai yinta. Ana kaɗa garaya ko goge, a kira iska da kirarinta, ta hau dokinta ko goɗiyarta, sai tafiyar mutum da muryarsa su koma na Sarkin Rafi ko na Ɗan Galadima. Masu rawar zamani na Afirka da dama suna komawa irin wannan gado na ƙasashensu. Germaine Acogny, wadda aka haifa a Dahomi, wato Jamhuriyar Binin ta yau, a 1944 ta girma a Sanigal, ta kuma kafa makarantar rawa a Toubab Dialaw kusa da Dakar, takan danganta fasaharta da kakarta, wadda jagorar bautar gargajiya ce ta Yarabawa. A Legas ma Qudus Onikeku yana ɗibar tunanin Yarabawa game da rai da dawowarsa yana zubawa a ayyukansa. Ina girmama ƙwarewarsu, amma a nan ne ni nake ja da baya, domin duk rawar da take da'awar cewa abin bauta ya sauko ya zauna a cikin tsoka da ƙashi ta faɗi abin da imanina ba zai ɗauka ba. Allah babu wani abu da ya yi kama da Shi, ba Ya shiga jiki, kuma babu gaɓar da za ta kwaikwaye Shi.

Wannan ne ya fahimtar da ni dalilin da ya sa hannun nan na bayan labule ya kama ni. Yadda na karanta wurin, labulen iyaka ce tsakanin abin da ido yake gani da abin da aka ɓoye masa, kuma mutum ne yake laluben iyakar da yatsunsa. Ayyukan da suka fi gaskiya a wannan fanni, a ganina, su ne waɗanda suka tsaya a ɓangaren bawa: suka nuna nauyinsa, da gajiyarsa, da ƙurar da aka yi shi da ita, da hannunsa a miƙe, sa'an nan suka bar ɗaya ɓangaren babu kowa, babu siffa, babu mai wakilta. Da zarar mai tsara rawa ya sa wani ya tsaya a matsayin Ubangiji, ko ya yi amfani da hasken fitila don ya ce ga Shi nan ya bayyana, aikin ya faɗi, ta fuskar aƙida da ta fuskar fasaha baki ɗaya, domin ya cike gurbin da rashin cike shi ne yake sa gaban mai kallo ya faɗi. Buƙata ita ce abin da jikin ɗan Adam ya iya faɗa ba tare da ƙarya ba, tun daga ranar da aka haife shi yana kuka da hannuwa a buɗe.

Ba na ɓoye cewa akwai abubuwan da suke hana ni sakin jiki da wannan fanni. A yawancin ayyukan maza da mata suna cakuɗe suna riƙe juna, a wasu kuma suturar ba ta kai abin da za a kalla da iyali ba, kuma na rufe bidiyo fiye da ɗaya tun kafin ya yi nisa. Ba zan ce wa kowane matashi ya shiga intanet ya kalli duk abin da ya samu da sunan fasaha ba. Haka nan ba zan taɓa goyon bayan a hau dandamali a kwaikwayi ruku'u da sujada don a tafa ba, domin salla tana da Mai ita.

Amma tambayar da ta rage mini ita ce ta 'ya'yanmu. Kano ba ta rasa masu jiki mai jin magana ba. Duk wanda ya ga 'yan Koroso suna wasa, da kacau-kacau a ƙafafunsu, suna lanƙwasa jiki kamar babu ƙashi, ya san akwai baiwa a nan. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a ce an ɗora wa wannan baiwa magana mai nauyi. Mun bar wa rawa fagen biki da soyayya da tallar jiki, sa'an nan muna mamakin yadda ta lalace. Alhali garin nan cike yake da motsin da yake magana a kan bawa da Ubangijinsa ba tare da an taɓa salla ba. Akwai rausayar almajiri a gaban allo da asuba, wadda babu wanda ya koya masa ita. Akwai yadda makara take tafiya a kan kafaɗu a hanyar maƙabarta, wannan ya karɓa wancan ya saki, babu mai ba da umarni, gawa tana gaba kamar a kan ruwa. Akwai tsayuwar manomi a bakin gona idan damina ta yi jinkiri, kansa a ɗage yana duban gabas. Akwai sunkuyon masu rini a Ƙofar Mata, da hannun tsohuwa a kan carbi. Da wani matashi mai tsoron Allah da sanin sana'arsa zai tara 'yan uwansa maza, cikin sutura ta mutunci, ya gina aiki a kan ɗaukar makara kaɗai, na yi imani mutanen da za su fito daga wurin kallon za su yi shiru a hanyarsu ta komawa gida, irin shirun da ake yi bayan an dawo daga jana'iza.

Mako biyu bayan hirarmu ta farko na koma wurin Baffa da wayata, na ce, "Baffa, ku daure ku kalla da idonku, ko na minti biyar ne." Ya sa tabarau, ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya yi shiru yana kallo. Da aka zo inda masu rawar suka zube ƙasa, ƙirjinsu yana hawa yana sauka, sai ya matso da wayar kusa da fuskarsa, ya ce, "Waɗannan gajiyar gaske suka yi, dubi yadda numfashi yake fita." Bai ce abin ya halatta ba, bai kuma ce zikiri ne ba. Ya tambaye ni ko mutumin da ke bayan labulen shi kaɗai ne a can, na ce a farkon wasan shi kaɗai ne. Ya gyaɗa kai, ya ce in mayar masa wurin hannun. Muna cikin kallo na biyu ladan ya kira magariba, Baffa ya miƙo mini wayar, ya jawo butarsa, ya ce in dawo da ita bayan lisha domin yana so ya ga inda mutumin ya ƙare.